Waiwaye: Shekarun da Damina Ta Daina Kiran 'Yan Cin Rani Gida

Duk lokacin da aka yaɗa bidiyon wata tirela da aka tare a hanyar shiga Legas, matasa zaune a kan buhunan albasa ko a tsakanin shanu, ga babura a ɗaure a gefe, sai gardama ta dawo sabuwa fil. Wasu 'yan gari su ce mamaya ce. Namu kuma a majalisun Agege da Idi-Araba su rabu biyu: masu cewa kowa na da ikon neman abinci a ƙasarsa, da masu kukan cewa yaran nan da ba a san mai masaukinsu ba suna zubar wa tsofaffin mazauna mutunci. Hana acaɓa a wasu sassan birnin a 2020 da 2022 ya ƙara rura maganar. Kowane ɓangare dai yana magana kamar jiya aka fara.

Alhali Bahaushe ya riga Najeriya zuwa Ikko. Tun 1863 Kyaftin Glover, wani jami'in Birtaniya, ya haɗa rundunar Hausawa a nan, da yawansu bayi ne da suka kuɓuta. Obalende ta cika da sojoji da iyalansu. Layin dogo ya isa Kano a 1911, goro ya ja fatake zuwa Agege, shanu suka riƙa sauka a jirgin ƙasa, zango ya kafu da sarkinsa da dillalansa. Wannan kowa ya sani, ana maimaita shi a kowane taro.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ma'anar cin rani a da. Mutum zai bar gida bayan kaka don ya rage wa rumbu baki, ya yi dako ko ga-ruwa ko gadi na wata huɗu ko biyar, da hadari ya fara haɗowa kuwa ya ɗaure ƙunshinsa. Ba ƙaunar garinsu kaɗai ke mai da shi ba, gyaɗa ce. Hatsi na ci ne, gyaɗa ita ce kuɗi. Da ita ake biyan haraji, a yi wa yaro aure, a sayi keke da rediyo, a rufa ɗaki da kwano. A shekarun 1960 Najeriya na cikin manyan masu fitar da gyaɗa a duniya, dalar gyaɗar Kano ce shaida. Wanda ya makara a Legas har shuka ta wuce shi, shi ya yi asara.

Sai farin farkon shekarun 1970 ya zo, wanda ya fi tsanani a 1973. Gero ya bushe a tsaye daga Sakkwato har Borno, dabbobi suka yi ta faɗuwa, rijiyoyi suka ƙafe. Mutane ba su gama farfaɗowa ba, a 1975 cutar nan da ke sa gyaɗa ta ƙanƙance ta ƙi 'ya'ya ta cinye kimanin hekta 700,000 a arewa. Manomin da ya ci bashi ya shuka, ya tona bai samu ko iri ba, ba wanda zai ce masa ya sake. Da yawa suka koma gero da dawa da wake, don a samu na sa wa a baki. Kafin shekarun su ƙare dalar gyaɗa ta zama labari.

A daidai wannan lokacin, kuma nan ne nake ganin gaɓar take, kuɗin man fetur ya sauka a Legas. Farashin mai ya ninka kusan sau huɗu a 1973 zuwa 1974. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi layi a bakin Apapa suna jiran a sauke su. Ana gina gadoji, ana gina rukunin gidajen FESTAC, ana gina tashar ruwa ta Tin Can da aka buɗe a 1977. Duk wannan na son lebura, kowane sabon gida kuma na son maigadi. Buzayen da fari ya raba da raƙumansu a Nijar suka zauna a ƙofofin gidajen Ikoyi da Surulere da rawunansu da butar shayi. Lissafin talaka ya juye a shekara biyu ko uku: aikin wata guda a Legas ya fi abin da damina za ta bayar, idan ma ta bayar. Aka fara cewa bana ƙanena zai yi noman, ni zan aiko da kuɗi. Baɗi ƙanen ma ya biyo shi.

Zango kuwa an gina shi ne don fatake masu kaya, kowane baƙo da mai masaukin da zai tsaya masa. Bai da ɗakunan da za su ɗauki dubban samari marasa jari, don haka aka koma barandar masallaci, rumfunan Mile 12, Alaba Rago da ƙarƙashin gada. Ƙorafin da dattawanmu ke yi yau cewa ba a san yaran nan ba, tun wancan lokacin aka shuka shi.

A yi adalci ma, ba mu ne muka cika garin ba. Birnin da ke da mutum kimanin 270,000 a 1952 ya kai 665,000 a 1963, ƙidayar 2006 kuma ta ba jihar sama da miliyan 9, mafi yawan baƙin daga ƙasar Yarabawa da gabas suka fito. Namu dai sun fi fitowa fili ne, saboda a kan titi aikinsu yake.

Abin da ya biyo baya tafiya ce a kan hanyar da aka riga aka share: farin 1984, rufe masaƙun Kaduna da Kano, rikicin Borno, sannan 'yan bindigar da suka hana noma a Zamfara da Katsina. Da can watan Mayu na kamawa za ka ga masu shayi da 'yan ga-ruwa sun ragu a unguwa, motocin arewa sun cika maƙil. Yanzu a wannan watan wurin masu POS ake layi, ana tura kuɗin taki gida, ga wanda har yau yake da gonar da za a iya zuwa.