Kafin Ka Jona Na'urar Jin Haske a Raspberry Pi

Ɗalibai da matasa a Samaru, Kongo da Tudun Wada na Zariya sun fara amfani da Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke kan allo ɗaya, wajen haɗa fitilar da ke kama kanta da magariba, a ɗakin kaji ko ƙofar gida. Abin a yaba ne. Sai dai allon yana da tsada, kuma waya ɗaya ta kauce ta isa ta kashe shi.

Fil ɗin GPIO, wato 'yan tsinkayen ƙarfe na kan allon da ake jona na'urori a jikinsu, volt 3.3 kaɗai yake ɗauka. Fil na 2 da na 4 kuwa volt 5 suke bayarwa, ga su maƙwabtan fil na 1 mai bayar da volt 3.3. Ido ya ɗan kuskure, shi ke nan. Don haka a zare caja kafin a taɓa kowace waya, a ƙirga fil sau biyu.

Pi bai iya auna yawan haske kai tsaye ba, akwai wuta ko babu kawai ya sani. Dabarar ita ce a auna lokacin da kafasito, wato ɗan abin da ke tara cajin lantarki, ke ɗauka kafin ya cika. Kayan su ne LDR ɗaya (na'urar jin haske, wadda juriyarta ga wuta ke raguwa idan haske ya ƙaru), rizista mai ohm 2,200 (mai rage ƙarfin kwararar wuta), da kafasito mai maikurofarad 1. Daga fil na 1 a shiga rizista, daga rizista a shiga LDR, ɗayar ƙafar LDR ta tafi fil na 7, wato GPIO4. A nan za a haɗa doguwar ƙafar kafasito, gajeriyar da ke gefen zanen layi ta tafi fil na 6, wato GND, ɓangaren nagatif. Da haske kafasito zai cika nan take, cikin duhu kuma yana iya ɗaukar kusan daƙiƙa guda.

Don Allah kada a yar da rizistan nan, ko da an ga haɗin na aiki ba shi. A hasken ranar tsakar Afrilu ta Zariya, juriyar LDR kan faɗi ƙasa sosai. Duk lokacin da manhaja ta sauke fil na 7 zuwa volt sifili don ta zubar da cajin kafasito, wuta za ta kwararo cikinsa, alhali miliyamfiya 16 ce iyakarsa. Rizistan ne ke riƙe ta a wajen miliyamfiya 1.5. Haka ma girman kafasito: wanda ya sa mai maikurofarad 1,000 don shi ya samu, duk cajin nan cikin fil ɗaya zai juye. Idan kuma aka juya ƙafafun, yana iya kumbura ko ya fashe, saboda haka a nisanta fuska.

Abin da ya fi damun mu shi ne ciro kafasito daga kayan 'yan gwangwan. Na tsohuwar talabijin da inbata suna riƙe ɗaruruwan volt bayan an cire su daga wuta, na maikurowef kuwa ya kai volt 2,000, yana kisa. Ɗan ƙarami sabo bai da tsada a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari.

Lokacin hunturu jiki kan tara lantarki saboda bushewar iska, irin tas ɗin nan da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota. A taɓa ƙarfe tukuna, sannan a riƙe allon ta gefensa. Kwan fitilar NEPA kuwa ba a jona shi a Pi sai ta rile mai rufi, wato makunnin da Pi ke sarrafawa, kuma mai aikin wayarin ne zai haɗa ɓangaren volt 230.