Ƙungiyoyin ɗaliban Nijar a ƙasashen waje

Ƙungiyoyin ɗaliban Nijar a ƙasashen waje ƙungiyoyi ne da ɗalibai ke kafa wa kansu a garin da karatu ya kai su, domin tarbar sabon zuwa, taimakon juna, da kai kuka da murya ɗaya gaban ofishin jakadanci ko hukumar jami'a. Ƴan lakwal sukan ce musu "amikal", masu karatun Larabci kuma su ce "ittihadi" ko "rabiɗa". Iri biyu ne: akwai ta ƴan ƙasa ɗaya, akwai kuma haɗaɗɗiya wadda ta tara baƙin ɗalibai na ƙasashe da yawa. Ɗalibin da ya tashi daga Maraɗi yakan fara da ta farko, daga cikinta ne yake samun ƙofar shiga ta biyu.

Asali

Tun kafin boko, Bahaushen da ya bar gida ya san zango. Fataken da ke bin hanyar Gwanja sayen goro ba sa sauka a ko'ina sai wurin mai masauki, wanda ke ba su ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya yi musu tafinta, ya tsaya musu idan rigima ta taso. Daga nan aka sami unguwannin zango na Kumasi da Ankara da sarakunansu. Duk abin da amikal ke yi wa sabon ɗalibi a yau, mai masauki ya riga ta yi wa falke, bambancin kawai shi ne mai masauki yana cin la'ada.

Ta fannin karatu ma abin daɗaɗɗe ne. Masanin tarihin Masar, al-Maƙrizi, ya ambaci wata makaranta da mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a Alƙahira, wajen shekarun 1240, inda alhazansu da ɗalibansu ke sauka. A masallacin Azhar kuwa an daɗe ana raba baƙin ɗalibai zaure-zaure bisa ƙasar da suka fito, kowane zaure ana ce masa ruwaƙ, da shehinsa da rabonsa na gurasa. Mutanen Borno suna da nasu. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ne aka gina wa baƙin ɗaliban Azhar unguwa guda, Madinatul Bu'us, wadda har yanzu ɗaliban Afirka ta Yamma ke zama a cikinta.

Zamanin mulkin mallaka

Da yawa cikin ƴan bokon Nijar na farko sun ɗanɗana baƙunta a Senegal, a makarantar William Ponty, wadda ta tashi daga tsibirin Gore ta koma Sebikotan a wajen 1938. Diori Hamani da Bubu Hama da Jibo Bakari duk ta nan suka bi. A can ne ɗan Nijar ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Dahome da ɗan Gine, sabon da aka yi a ɗakunan kwanan nan kuma ya bi su har cikin siyasar neman ƴanci.

A Ingila, ɗaliban Najeriya da Saliyo da Gambiya da ƙasar da ta zama Gana sun kafa ƙungiyar WASU a Landan a watan Agusta na 1925, bisa jagorancin Ladipo Solanke da Herbert Bankole-Bright. Babbar damuwarsu masauki ce, don masu gidajen haya da yawa ba sa karɓar baƙar fata. A 1933 suka buɗe gidan kwana nasu na kansu.

Ɓangaren Faransa sai a 1950 aka kafa tarayyar ɗaliban baƙar fatar Afirka, FEANF. Da maganar bursi da ɗakin kwana ta fara, ba a jima ba ta zama ɗaya daga cikin masu kakkausar murya wajen neman cikakken ƴanci, har a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 ta goyi bayan a ce "a'a" ga zama cikin tarayya da Faransa. Cikin waɗanda aka kafa ta da su akwai Abdu Mumuni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa, cikin jihar Maraɗi ta yanzu, a 1929. Shi ne masanin kimiyyar hasken rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Gwamnatin Faransa ta rushe FEANF a 1980.

Bayan ƴancin kai

An kafa ƙungiyar ƴan makarantar Nijar, USN, a 1960. Da yake sai 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973, duk mai bak, wato takardar gama sakandare, kafin nan sai ya nufi Dakar, Abijan, Faransa ko Tarayyar Sobiyet. Shi ya sa rassan USN na waje suke da nauyi a wancan zamani. Daga baya ƙarfin ya dawo gida, musamman bayan 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai.

Hanyoyin karatu kuma sun ƙaru: Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Masar, Sudan, Saudiyya, Turkiyya, Sin da Indiya. A Maroko hukumar AMCI ce ke kula da masu bursi, amikal ɗin ƙasashen Afirka kuma suna ƙarƙashin inuwar haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu, CESAM, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980. A gida, hukumar ANAB ce ke biyan bursin gwamnati.

Tsari

Ana zaɓen biro, galibi shekara-shekara: shugaba ko sakatare janar, ma'aji, mai kula da jin daɗin jama'a, da mai kula da wasanni da al'adu. Kowa na zuba kuɗin ƙungiya.

Tarba da zaman yau da kullum

Baƙo, in ji masu magana, makaho ne ko da yana da ido. Yawanci tun ɗalibi yana Maraɗi, a unguwar Zariya ko Mokoyo ko Ali Ɗan Sofo, wani ya riga ya jefa lambarsa cikin zauren WhatsApp na amikal. Ranar da ya sauka, tsofaffin ɗalibai biyu ko uku ne ke jiransa a filin jirgi. Su za su ɗauki jakarsa, wadda rabinta kilishi ne da yaji da kuka da daddawa da busasshen zogale, wasu ma saƙon iyayen waɗanda suka zo tarbar ne. Kwanakin farko a katifar wani zai kwana. Wani ya ara masa rigar sanyi, wani ya raka shi yin rajista da neman takardar zama, wani ya nuna masa shagon da ba za a yi masa farashin baƙo ba. Babu mai karɓar ko dala, ana dai sa ran baɗi shi ma zai je filin jirgi. Sabo yakan ce wa na gaba da shi "Yaya" ko "babban wa", ko da tazararsu shekara ɗaya ce.

Abota kuwa a gindin butar shayi take ƙulluwa. Fadar da aka saba da ita a ƙofar gida ita ce ke komawa cikin ɗaki: rishon lantarki a madadin gawayi, kofi biyu ko uku suna zagaya mutum goma, ana sha na ɗaya da na biyu da na uku. Nan ake kallon kokawar takobi a waya ɗaya, kowa na yi wa ɗan jiharsa kirari. Nan Bagobirin Tibiri zai tarar da Bazabarme ya riga ya shirya masa tsiya, domin wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2014, ya fi kowace dokar ƙungiya saurin kawar da baƙunta. Ba abin mamaki ba ne mutumin Maraɗi ya koyi Zabarmancinsa na farko a Rabat ko Alje, ba a Yamai ba.

Ranakun da suka fi nauyi ga mai kewar gida su ne na azumi da Sallah. Ana haɗa buɗa-baki, a Babbar Sallah a yi karo-karo a sayi rago ɗaya ko biyu. Ana kuma bikin 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, da na 18 ga Disamba, ranar jamhuriya. Idan bursi ya yi jinkiri, tukunya ɗaya ake ɗorawa, mai samun aike daga gida ya riƙe wanda ba ya samu. Idan aka yi rashin lafiya ko rasuwa, biro ne ke sanar da ofishin jakadanci da iyaye.

Haɗaɗɗun ƙungiyoyi su ne ke shirya gasar ƙwallo tsakanin ƙasashe da makon al'adu, inda kowace ƙasa ke kafa rumfa da abincinta da tufafinta. A irin wannan taro ɗan Maraɗi yana da wata riba: da zarar ya yi sallama da Hausa sai ɗan Katsina, ɗan Garwa ta Kamaru da ɗan zangon Kumasi su amsa.

Maraɗi a matsayin masauki

Garin da ke tura ɗalibai shi ma yana karɓa. Jami'ar gwamnati ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta fara a wajen 2010, jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta kuma a 2013, inda da yawan ɗalibanta ƴan Najeriya ne. Baƙuntarsu mai sauƙi ce, tun da masarautar Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Abin da ke ɗaure musu kai bai wuce Faransancin takardun hukuma da lissafin jikka da dala ba.

Saɓani

Ana zargin wasu biro da ɓangarancin jiha, da kusanci da jam'iyyu, da rashin bayyana kuɗin ƙungiya. Ɗalibai mata ba su cika samun manyan muƙamai ba. Akwai kuma masu ganin yawan zama cikin ƴan gida yana hana ɗalibi koyon harshen ƙasar da yake.

Sauye-sauyen baya-bayan nan

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tarwatsa baƙin ɗaliban Khartum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, Faransa ta dakatar da ba ƴan Nijar da Mali da Burkina Faso biza, har da ɗalibai, ta kuma rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024. Najeriya ta rufe iyakarta, ciki har da ƙofar Jibiya da ake bi zuwa Maraɗi, ba ta buɗe ba sai a watan Maris na 2024.