Majalisar jiharku ba ta ba da igama: abin da sashe na 12 ya ce da abin da ake ɗora masa

Sati biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a WhatsApp tsakanin 'yan Najeriya mazauna Jidda da Makka. Mai maganar, da muryar wanda ya san kan abu, yana cewa wai 'yan majalisar dokokin wata jiha ta Arewa sun zo Umara, sun zauna da hukumomin Saudiyya, an sa hannu a yarjejeniya. Wai duk ɗan jihar da ke zaune babu takarda za a yi masa igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, a yafe masa tara. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta suna da ƙaramar hukuma, a biya kuɗin fom. Sau huɗu ana turo mini shi. Na ƙarshe wata dattijuwa ce mai sayar da fura da yaji a unguwar Karantina da ke Jidda ta kunna mini a wayarta, ta riga ta ƙulle kuɗin a bakin mayafi. Ta ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, in kai musu?" Na ce, "Hajiya, ki mayar da kuɗinki lalita tukuna."

Zuwan tawaga ba shi ne abin dubawa ba. 'Yan majalisa na zuwa Umara kamar kowa, kuma hoto da Balarabe mai farar jallabiya a falon otal ba abu ne mai wuyar samu ba. Abin tambaya shi ne, in ma sun zo sun sa hannu a wata takarda, takardar tana da ƙarfin doka?

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ware wasu al'amura ya ce Majalisar Dokoki ta Ƙasa, wato Dattawa da Wakilai a Abuja, ita kaɗai ke da hurumin yin doka a kansu. Suna nan a kashi na ɗaya na Jadawali na Biyu, kowanne da lambarsa. Harkokin waje lamba 26. Jakadanci da wakilcin kasuwanci a ƙetare lamba 20. Shige da fice 30, fasfo da biza 42, kwastan 16, ƙwadago 34, ciniki tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe 62. Ko gyaran da aka yi a 2023, wanda ya buɗe wa jihohi ƙofar jirgin ƙasa da gidajen yari da lantarki, bai taɓa ko ɗaya cikin waɗannan ba. Don haka mai neman igama, da mai neman aikatau, da ɗan Kano-Jidda mai kai kaya yana kawowa, da ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina, duk sha'aninsu na ƙetare a hannun tarayya yake.

Wannan ɓangarenmu ke nan. A ɓangaren masu masaukinmu abin ya fi sauƙi. Saudiyya ba tarayya ba ce. Yankuna 13 gare ta, kowanne da yariman da Sarki ya naɗa, babu majalisar jiha da za ta zauna da takwararta ta Najeriya. Majalisar Shura mai mutum 150 tana nazarin yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, amma dokar mulkin ƙasar ta 1992 ta ce da umarnin Sarki ake zartar da su. Igama kuwa aikin Jawazat ne, wato hukumar fasfo da shige da fice, a ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, kuma ta hannun kafili, wato ubangidan da ya tsaya wa baƙo, take bi. Waɗanda suka daɗe a nan suna tune da wa'adin gyara takardu na 2013 da afuwar 2017. Dukkansu daga fadar Sarki da ma'aikatun ƙasar suka fito, aka shelanta a talabijin da jaridu, suka shafi kowane baƙo, ɗan Habasha ne ko ɗan Yaman ko ɗan Najeriya. Ba a tambayi kowa ƙaramar hukumarsa ba.

To daga ina masu saƙon suka samo abin kamawa? Wani matashi a majalisarmu ta bayan Isha'i, wanda ya ɗan taɓa karatun lauya kafin ya zo, ya ce ai sashe na 12 na tsarin mulkin Najeriya ya ba majalisun jihohi baki a yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya kawo. A nan ya kamata a zauna a kwance ƙullin.

Sashen sakin layi uku ne. Na farko ya ce babu yarjejeniyar da Tarayya ta ƙulla da wata ƙasa da za ta zama doka a cikin Najeriya sai gwargwadon abin da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta mayar doka. A lura da kalmar: Tarayya. Sashen bai ma kawo a ransa cewa jiha za ta ƙulla ba. Shugaban ƙasa ko ministansa ya sa hannu a Riyad, wannan ya ɗaure Najeriya a idon duniya, amma alƙali a Kano ba zai yi hukunci da ita ba sai ta bi ta majalisa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Abacha da Fawehinmi a 2000.

Na biyu ya ce don aiwatar da yarjejeniya, Majalisar Ƙasa na iya yin doka har a kan abin da ba ya cikin jerinta na keɓe. Wannan iko ne mai haɗari, domin ta nan Abuja za ta iya shigowa gonar jihohi ta ƙofar baya: aure, gado, tarbiyyar yara, duk ta ce wata yarjejeniya ce ta tilasta mata. Shi ya sa aka kafa na ukun ya zama birki. Irin wannan ƙudurin ba za a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu ba, ba zai zama doka ba, sai mafi rinjayen majalisun jihohi sun amince. Jihohi 36 ne, rinjaye 19 ke nan. Kada a haɗa shi da gyaran tsarin mulki, wanda ke buƙatar kashi biyu cikin uku, wato 24.

Bakin da majalisar jiha take da shi ke nan. Iko ne na cewa a'a ga abin da Abuja ta ɗebo daga waje tana son shigowa da shi ɗakin jihohi. Ba ta zaɓen ƙasar da za a zauna da ita, ba ta rubuta sharuɗɗa, ba ta sa hannu. Kuma ko wannan a'a ɗin, jiha ɗaya ba ta isa ba sai ta samu 'yan uwa. Mai gadin ƙofa ce, ba ita ke zuwa kasuwa ba.

Misalin da kowa a Arewa ya sani shi ne dokar kare haƙƙin yara. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan yara a 1991, Majalisar Ƙasa ta yi dokarta a 2003. Da yake al'amarin yara da iyali na jihohi ne, dokar ta tsaya a Abuja, kowace jiha sai da ta yi tata. Jihohin Arewa da dama sun ɗauki shekaru suna jan ƙafa, musamman saboda batun shekarun aure, Kano ba ta sa hannu a tata ba sai 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Ko mutum yana ganin jinkirin nan kare addini ne ko kuwa zaluntar yara, ya nuna inda ƙarfin majalisar jiha yake: a cikin gida.

Akwai kuma masu fahimtar baibai ta ɗaya gefen, su ma sun tayar wa mutane hankali. Wani Alhaji mai shigo da riɗi da citta da zoɓo ya kira ni yana cewa ya ji wai duk hulɗar da ta shafi gwamnatin jiha da kamfanin waje haramtacciya ce, har yana tunanin janye hannunsa daga wata gona da shi da abokin cinikinsa Balarabe suke nema a gida. Na ce, "Alhaji, a yi a hankali." Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa daban, kwangilar kasuwanci daban. Jiha na iya yin ciniki da kamfanin waje, ta gayyaci masu zuba jari, ta tura ɗalibai karatu Sudan ko Masar ko Indiya kamar yadda jihohi da yawa suka yi. Fili ma, tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, a hannun gwamna yake, shi ke ba da takardar shaida. Majalisar jiha ce ke kafa hukumar zuba jari da doka, ita ke yanka harajin jiha, ita ke amincewa da kasafin da za a biya kuɗin makarantar ɗaliban nan. In aka bar yara a ƙasar waje ba a biya musu ba, sashe na 128 ya ba ta ikon kiran kwamishina ta titsiye shi. Amma ranar da buhun riɗin zai bar Apapa, takardun kwastan da na fitar da kaya duk na tarayya ne, kakakin majalisa ba zai iya ɗage ko ɗaya ba.

Aikin Hajji ma haka yake, raba-daidai. Hukumar jin daɗin alhazai ta kowace jiha dokar jiha ce ta kafa ta. Amma kujeru nawa Najeriya za ta samu, wannan NAHCON ce, hukumar alhazai ta ƙasa wadda aka kafa da dokar 2006, take zama da Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya, sannan ta raba wa jihohi.

Inda abin ya fi tsauri shi ne rance. Lamba 7 a jerin nan ta ce cin bashi a ciki ko a waje, don tarayya ko don jiha, dokarsa ta Abuja ce. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi nan Jidda hedikwatarsa take, kuma shi ne babban mai ɗaukar nauyin shirin noma da kiwo na Kano mai dala miliyan 95. Duk da sunan Kano a kai, ta hannun gwamnatin tarayya irin wannan kuɗi ke bi. Majalisar jiha ta fara amincewa, Ofishin Kula da Basussuka ya duba, Majalisar Ƙasa ta yarda, tarayya ta tsaya a matsayin mai lamuni, in lokacin biya ya yi a cire daga kason jihar kafin ya iso gida. Kaduna ta ga haka a Maris 2018, lokacin da Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya, duk da gwamnatin jihar na so. Sai a majalisa ta gaba aka amince.

Ni dai ban ce tsarin nan ya yi daidai ta ko'ina ba. A Jamhuriya ta Farko kowane yanki yana da wakilinsa a Landan, kuma Sardauna Ahmadu Bello, yana Firimiyan Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka a 1962, har ya zama mataimakin shugabanta. Mulkin soja ne ya tattare komai ya kai tsakiya, tsarin 1979 da na 1999 suka gada. Yau jihar da ta fi wasu ƙasashen Afirka yawan jama'a sai ta jira fayil ya zagaya ofisoshin Abuja. Abin da ciwo. Sai dai duk lokacin da na tuna yadda wasu gwamnoni ke barin bashi a bayansu, sai in ga birkin nan bai yi yawa ba. Kuma mu da ke ƙetare, da ace ofisoshi 36 ne ke magana da yawunmu, da masu fom sun fi haka yawa.

Saura hukunci, kuma a nan ne rashin adalcin ya fi fitowa. Ɗan majalisar jihar da ya wuce gona da iri, tsarin mulki bai tanadar masa ɗauri ba. Sashe na 1 da na 4 cewa kawai suka yi abin da ya saɓa ya zama banza. Takardar fahimtar juna ta koma takardar ƙunshe ƙosai, shi kuma ya hau jirgi ya koma gida. Mai karɓar kuɗin fom, in an kama shi a Najeriya, dokar damfara ta 2006 ta yanka masa shekara 7 zuwa 20 babu zaɓin tara. Amma wanda zai fara ɗanɗanawa shi ne wanda ya gaskata. Mutum ya zo da bizar Umara ko ta ziyara, ya ji labarin yarjejeniya, ya ce bari in jira, wa'adinsa ya ƙare. Sanarwar hukumomin Saudiyya a 2025 ta ce wanda ya zarce wa'adin bizarsa na iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata shida, da tarhil, wato a koro shi gida. Wanda aka kama yana neman yin Hajji babu tasrihi, wato takardar izinin Hajji, tara har riyal 20,000, a mayar da shi gida, a hana shi shigowa shekara 10. Askar ɗin, wato ɗan sandan da ya tare ka a hanya, ba ya jin sunan jiharka. Zai duba lambarka a na'ura, in babu komai sai Shumaisi, gidan tsare waɗanda za a kora, a ɗauki basma, wato zanen yatsa. Ga kuma sunanka da lambar wayarka da unguwar da kake ɓoye, duk ka rubuta da hannunka ka ba wanda ba ka sani ba.

In har wata rana an yi abin da ya shafi zaman 'yan Najeriya a nan, a shafukan Jawazat da Ma'aikatar Cikin Gida za a gani, Ofishin Jakadancin Najeriya a Riyad da ƙaramin ofishinsa na Jidda su maimaita. Haka na gaya wa Hajiya. Ta yi shiru, ta kwance bakin mayafin, ta ƙirga kuɗin sau biyu, ta ce maƙwabciyarta ta riga ta kai nata tun ranar Laraba, kuma tun daga ranar wayar mutumin a kashe take.