Wayar Hannu da Labarin Annoba a Zamfara: Tambayoyi da Amsoshi

Waya ba ta allura, ba ta ba da magani. To mene ne amfaninta ga lafiya?

Amfaninta kai labari da wuri, domin a nan Zamfara jinkirin labari ya ci mana rayuka da yawa. A 2010 yara suka yi ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF (Doctors Without Borders) suka shigo aka bincika, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Haka sanƙarau ɗin da ya fara a jihar nan a ƙarshen 2016: ya yi makonni yana cin mutane kafin hukumomi a Abuja su samu cikakken labari, ya shiga jihohin Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kashe sama da mutum 1,000 a faɗin ƙasa. Duk sanda na tuna shekarun nan biyu, sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

Yanzu ta yaya labari yake isa?

Hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, tana aiki da wata manhaja mai suna SORMAS, wadda aka ƙirƙira tare da masana daga Jamus bayan Ebola ta 2014. Jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma zai shigar da bayanin mara lafiya, Gusau da Abuja su gani nan take, maimakon jiran takarda ta bi mota. Kai ma kana da hanya: lambar NCDC 6232 kyauta ake kiranta. A rigakafin shan inna kuwa, an riƙa ba masu ɗiga magani wayoyi masu nuna inda suka taka, don a ga rugar da aka tsallake a koma mata.

Wanda bai yi boko ba fa?

Nan ne masu shirya saƙo suka fi yin kuskure. Saƙon tes da Turanci, ko da ya shigo waya, a nan yake kwana ba a karanta ba. Abin da mutanenmu ke saurare shi ne saƙon murya na WhatsApp da Hausa, da rediyon da ke cikin 'yar ƙaramar waya. Sannan a gidaje da yawa wayar tana aljihun maigida, ita kuwa uwar yaron da ke fama da amai da gudawa tana cikin gida. Ke nan dole saƙon ya yi magana da maigida kai tsaye, kuma ya fito daga bakin da ya yarda da shi: limaminsa, hakiminsa, ko malamar asibitin da ta karɓi haihuwar 'ya'yansa.

Ai ta wayar ce ƙarya ke yaɗuwa.

Haka ne. A Agustan 2014 saƙo ya zaga Najeriya cikin dare ɗaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi don kariya daga Ebola. Wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Saƙon da bai faɗi wanda ya aiko shi ba, sai dai "a tura wa 'yan'uwa", riƙe shi tukuna har ka tambayi ma'aikacin lafiya.

In babu sabis fa?

Mun ɗanɗana. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a duk jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, a shekarar da kwalara ta yi tsanani a Arewa. Gusau ta samu sabis bayan kusan wata guda, sauran wurare suka ci gaba da jira. Mai naƙuda ba ta da yadda za a kira mata mota, ma'aikacin asibitin ƙauye ba shi da yadda zai sanar cewa masu gudawa sun yi yawa. Don haka nake roƙon duk mai tsara irin wannan mataki ya fara tanadar wa asibitoci wata hanyar sadarwa kafin a kashe layi.