Ƙarin adrenalin ta jijiya

Adrenalin sinadari ne da jiki ke yi da kansa a wasu 'yan ƙullutu da ke saman ƙoda, shi ke sa zuciya ta hau dukan uku-uku in mutum ya firgita. Jokichi Takamine ɗan Japan ne ya tace shi a 1901. A asibiti ana ɗura shi ta jijiya a hankali a hankali idan jini ya faɗi warwas saboda cuta ta shiga jini, ko jiki ya yi mummunan bore ga magani ko cizon ƙwaro har an yi allurar adrenalin a cinya sau biyu ba sauƙi, ko bugun zuciya ya yi ƙasa atropine, maganin ƙara saurin bugun zuciya, ya kasa ɗaga shi.

To matsalar duk tana wajen lissafi ne. 'Yar kwalbar miligiram 1 ce cikin mililita 1, ba a tura ta haka tsura a jijiyar mai rai, dole a sirka da ruwan gishiri na 0.9% ko na gulukos 5%. Ga manya, haɗin da aka saba shi ne miligiram 4 cikin mililita 50 ta babbar jijiyar wuya ko ta cinya, in kuwa ta hannu ce sai a tsinka shi sosai, kamar miligiram 1 cikin mililita 100. Yara kuma da nauyinsu ake aiki, miligiram 0.3 kan kowane kilo cikin mililita 50, wato yaro mai kilo 10 miligiram 3 kenan, mililita 1 a awa ɗaya zai ba shi maikirogiram 0.1 kan kilo a minti (maikirogiram 1,000 ne miligiram 1). Sifili ɗaya ya goce an ninka maganin sau goma, shi ya sa nas biyu suke duba lissafin su rubuta a jikin sirinji.

Ƙarfinsa a jini yana raguwa da rabi cikin minti 2 zuwa 3, don haka injin sirinji ne ke tura shi kuma tun kafin sirinji ya ƙare an haɗa na gaba. Ba a wanke layin, wato robar da maganin ke bi, da sauri, don abin da ya rage a ciki zai afka wa zuciya lokaci ɗaya. Ba a gama shi da bikabonet, maganin rage tsamin jini, kuma in ruwan ya koma ruwan hoda ko ƙasa-ƙasa a zubar.

Wurin kanula, 'yar robar da aka sa a jijiya, fa a riƙa leƙawa, musamman jariri da ba zai ce yana jin zafi ba. Fatar ta yi fari ta yi sanyi to maganin ya zurare, nama na iya mutuwa, sai a tsayar a canza jijiya, a yi allurar phentolamine, maganin da ke buɗe hanyoyin jini, a wurin. Ana kuma bin bugun zuciya da awon jini da suga, don yana ɗaga suga ya rage fotasiyam.