Waiwaye: Yadda Tsaron Sirri a Gajimare Ya Koma Kan Rubutun Izini

Duk lokacin da aka ji masu kutse sun kwashe bayanan jama'a daga wata ma'adanar gajimare, wato kwamfutocin wani kamfani da ake ajiye bayanai a cikinsu ta intanet, muhawara ɗaya ake sake tadawa. Wasu su ce a ƙara ƙarfin sirranta bayanai, wasu su ce a tattara komai a dawo da shi cikin kwamfutocin ofis. Ana maganar kamar jiya abin ya soma, alhali tushensa ya daɗe.

Farkon labarin sananne ne. A 1961 aka fara amfani da kalmar sirri a tsarin kwamfuta na CTSS na cibiyar MIT a Amurka. A 1975 masanan kwamfuta Saltzer da Schroeder suka rubuta cewa kada a ba mutum ko manhaja izinin da ya wuce buƙatar aikinsa. Da Amazon ya buɗe S3 na ajiyar bayanai da EC2 na hayar kwamfutoci a 2006, masu rubuta manhaja suka zo da tsohuwar al'adarsu ta dasa makulli, wato lambar sirrin shiga, a cikin rubutun manhajar. Wani binciken jami'ar jihar Karolina ta Arewa a 2019 ya gano irin waɗannan makullai a fili cikin rumbuna sama da 100,000 a GitHub, dandalin ajiyar rubutun manhaja.

Abin da ba a cika ambata ba shi ne watan Yunin 2012, lokacin da aka ba sabar, wato na'urar da manhaja ke gudana a kanta, damar ɗaukar matsayi nata na kanta a IAM, tsarin ba da izini na Amazon. Kafin nan makulli abu ne da mutum ke riƙewa. Daga nan sai ya zama na'ura ce ke tambayar wani adireshi na cikin gida, 169.254.169.254, a ba ta makullin wucin gadi da ke mutuwa bayan sa'o'i kaɗan, a kuma sabunta mata ba tare da hannun kowa ba. Dabara ce mai kyau, ta rage makullan da ke yawo. Sai dai ta ɗauke nauyin daga kan "wa ya san sirrin" ta ɗora shi kan "wa aka rubuta wa izini". Ma'adanan sirri da suka biyo baya, Vault a 2015, Secrets Manager na Amazon a 2018, na Google a 2020, duk ka'idar izini suke dubawa kafin su buɗe.

Ita ka'idar gajeren rubutu ce: a yarda ko a hana, wane aiki, a kan wane sirri, bisa wane sharaɗi. Abin da ba a ambata ba a hane yake, kuma hani na ƙarara yana rinjayar kowace yarda. A takarda babu abin kushewa.

To amma dubi yadda ake rubuta ta. Dare ya yi, manhaja ta ƙi tashi, allo sai maimaita "an hana" yake yi, gobe kuma za a ƙaddamar. Injiniya ya goge dogon sunan sirrin nan guda da manhajar ke buƙata, ya sa alamar tauraro, wadda ke nufin kowane sirri. Nan take komai ya yi aiki. Ya ce zai gyara daga baya. Ba ya dawowa, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba: matse izini yana iya tsayar da aiki kowa ya gani, barin sa a sake kuwa ba ya tayar da hankalin kowa.

Ranar da mai kutse ya yaudari manhajar ta tambayi wancan adireshi a madadinsa, makullin wucin gadi ya shiga hannunsa. Ba sai ya fasa sirrantawar ba. Ma'adanar ce da kanta za ta warware ta miƙa masa, domin ka'ida ta ce a ba shi, kuma a rajista zai bayyana kamar buƙata ta halal.

A Nuwamban 2019 aka fito da sabuwar hanyar tambayar adireshin da ke wahalar da wannan yaudara, kayan binciken ka'idoji ma suka ƙaru. Suna iya nuna inda tauraron yake. Cire shi kam sai an samu wanda ya san wace manhaja ke buƙatar wane sirri, kuma galibi wanda ya sa shi ya riga ya sauya wurin aiki.