Me ya sa bututun ruwa ke tsayawa a bakin gari?

Mutum yana zaune a gidansa da ke bayan gari, yana hango inda babban bututun ruwa ya ƙare a tsallaken titi, amma da ya nemi a haɗa masa sai aka ce ba zai yiwu ba. Galibi ba rowa ba ce. Akwai wani layi a taswirar hukumar tsara gari, gidansa kuwa ya faɗa wajen layin.

A wasu wurare, kamar wasu jihohin Amurka, abin da hukuma ke yi shi ne ta shata iyaka. Cikin iyakar nan ne ake sa ran gari zai faɗaɗa nan da shekaru masu zuwa, sau da yawa 20, kuma nan za a kai ruwan famfo da bututun kwashe najasa. Wajenta karkara ce, kowa da rijiyarsa da sokawensa. A Amurka, birnin Lexington na jihar Kentucky ya shata irin wannan iyaka tun 1958. Jihar Oregon ta kafa dokarta ta tsara filaye a 1973, jihar Washington ta biyo baya a 1990.

Dalili na farko kuɗi ne. Kilomita ɗaya ta bututu a tsakiyar gari tana iya ɗaukar ɗaruruwan gidaje. A karkara wataƙila goma kacal, alhali haƙa ɗaya ce, gyara ɗaya ne. Na najasa ya fi tsada, domin gangare yake bi, duk inda tudu ya tare hanya sai an kafa injin turawa, injin kuma yana cin lantarki dare da rana. Idan gidaje goman nan suka kasa biya, a kan sauran masu biyan kuɗin ruwa nauyin ke faɗawa.

Na biyun ya fi nauyi a wurina. Muddin gida ya dogara da sokawe, dole ya sami fili mai faɗi inda ƙasa za ta shanye ruwan, nesa da rijiya. Ranar da bututun najasa ya iso, wannan takura ta kau. Gonar da a da gida ɗaya za ta ɗauka sai a yanka ta fuloti-fuloti, farashin fili ya tashi, manomi ya sayar, daga nan kuma a fara neman titi da makaranta da asibiti. Shi ya sa dokar Washington ta raba tsakani: ruwan sha na gida yana cikin abin da ya halatta a kai karkara, bututun najasa kuwa ba ya ciki.

To amma ƙofar ba a rufe take ruf ba. Dokar ta yarda a kai bututun najasa karkara idan ya zama dole don kare lafiyar jama'a da muhalli, idan gidajen yankin za su iya ɗaukar kuɗinsa, kuma idan ba zai buɗe hanyar cika wurin da gine-gine ba. Kalmar "dole" ɗin nan ba ta wasa ba ce. A 2002 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da hana gundumar Thurston ja bututun najasa zuwa yankin Cooper Point, saboda ba a nuna cewa ya zama dole ba.

Nan ne zuciyata ke rabuwa biyu. Ina ganin hikimar iyakar, amma ina tuna matar da ruwan sokawe ke tsatsowa a tsakar gidanta duk lokacin da aka yi ruwan sama, ƙasa ta yi baƙi, wari ya hana yara wasa. Ba gona take so ta yanka ba, lafiyar 'ya'yanta take nema. Bai kamata irinta ta shekara tana zarya a ofis ba.

Wanda ke cikin wannan hali, ya fara duba taswira ya ga ɓangaren da gidansa yake, sannan ya kai ruwan rijiyarsa gwaji. A ma'aunin Amurka, sinadarin naitiret da ya haura miligiram 10 a lita ɗaya ya wuce ƙa'ida, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Takardar gwajin nan da rahoton jami'in lafiya su ne hujjar da zai riƙe a zaman da hukuma ke sauraron koken jama'a, musamman idan maƙwabta suka haɗa nasu suka shigar tare.